Starlet ɗin Baba ta shekara shida a ajiye: daga ina zan fara gyara?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni malamin makaranta ne a Tahoua. Mahaifinmu ya rasu ya bar ƙaramar Toyota Starlet fara, ƙirar 1991. Shekara shida ke nan tana ajiye ƙarƙashin dogon yaro a ƙofar gida, ba wanda ya tayar da ita. Burina in mayar da ita yadda take ranar da ya shigo da ita gida muna yara. Abokai suna cewa in fara da fenti, in sa mata wani inji da ƙafafu na zamani. Wasu kuma sun ce ɓarnar kuɗi ce, gara in sayar wa ƴan gwangwan. Albashina ba shi da yawa. Daga ina zan fara, kuma anya abin zai yiwu?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya jiƙan Baba, ya kai haske kabarinsa.

Abin zai yiwu, kuma ka yi sa'ar irin motar da ya bar muku. Duk wanda ya zauna Yamai ya san yawan Starlet da suka yi aikin taksi a garin nan, shi ya sa har yau akwai kayanta a kasuwa, akwai kuma makanikan da suka san cikinta kamar yunwar cikinsu. Sai dai zan gaya maka gaskiya tun yanzu: kuɗin da za ka kashe ba za su dawo ba in ka tashi sayarwa. Idan riba kake nema, masu ba ka shawarar sayarwa ba su yi kuskure ba. Idan kuwa motar Baba kake so ka gani tana tafiya a titin Tahoua, wannan dalili ne da ya isa, kuma a kansa zan ba ka amsa.

Kafin ka ɗauki sifana, ka zauna da ƴan'uwanka. Mota ce ta gado. Idan ba a raba ba, ko ba a bar maka ita a gaban shaidu ba, kada ka zuba mata ko dala ɗaya. Na ga zumunci ya ɓaci a kan motar da ba wanda ya kula da ita sai ranar da ta fito daga wurin fenti tana ƙyalli. Bayan nan ka nemo takardarta, kart giriz, ka gwama lambar shasi da ke rubuce a ciki da wadda aka buga a jikin ƙarfen motar, sannan ka bi hanyar mayar da takardar da sunanka.

Daga nan ka buɗe bonet ka nemi wani ɗan faranti na ƙarfe da aka manne a bangon da ke bayan inji. Ka goge shi da tsumma, ka ɗauki hotonsa, domin shi ne zai gaya maka asalin da kake son komawa gare shi. Irin Starlet ɗinku an fara ƙera ta a ƙarshen 1989, aka ci gaba har tsakiyar shekarun 1990. Idan ka ga EP80, injinta 1E ne mai lita 1.0, idan EP81 ce, 2E ne mai lita 1.3 da bawul 12. Wannan 2E ɗin shi ne a cikin Corolla masu yawa na wancan zamani, don haka kayan injinsa ba sa wuyar samu. A kan farantin akwai kuma wurin da aka rubuta C/TR, lambar launin fenti da ta kayan ciki ke nan. Fari ba iri ɗaya ba ne a wurin Toyota. 040, alal misali, lambar farinsu ce mai haske sosai. Da wannan lamba mai haɗa fenti zai yi aiki, ba da ido ba. Ka kuma kula in za ka aika a sayo maka kaya daga nesa: Toyota ta daina Starlet a 1999, Yaris ta gaje ta, sannan a 2020 aka dawo da sunan a Afirka a kan wata mota dabam wadda asalinta Suzuki Baleno ce. Ko ƙusa ɗaya ba su haɗa ba. Ka riƙa faɗin EP80 ko EP81, ba Starlet kawai ba.

Yanzu ga wurin da aka fi yin ɓarna. Mutum ya samu motar da ta daɗe a ajiye, sai ya aro batir ya murza makulli don ya ji ko tana da rai. Kada ka yi haka. A shekara shida duk baƙin mai ya tsiyaye ya koma ƙasa, bangon silinda ya bushe, wataƙila ma tsatsa ta ɗan kama shi. Feturin da ya rage a tanki ya zama wani abu mai danƙo, ja-ja, mai warin tsohon fenti, kuma da zarar ya shiga kafireto, inda fetur ke gauraya da iska, zai toshe ƙananan hudojinsa. Abin da za ku yi kai da makanikenka shi ne: ku cire fulogi huɗun, ku ɗiga baƙin mai kamar cokali guda a kowane rami, ku bar shi kwana biyu. Sannan a sa sifana a kan babbar ƙusar fulin da ke ƙasan inji a juya a hankali da hannu. Idan ya juya sumul, alhamdu lillahi. Idan ya cije, kada a tilasta. A ƙara mai a ƙara haƙuri. A sauke tanki a wanke, a canza tiyon fetur da matatarsa, a zubar da tsohon baƙin mai a sa sabo da sabuwar matata.

Ka duba akwatin matatar iska da idonka. Motar da ta kwana shekaru ƙarƙashin itace gidan ɓeraye ce: za ka tarar da busasshen ganye, ƙwallon ƴaƴan dogon yaro, tsummokara, da wayoyin da aka gwaigwaye. Zanzaro kuma yana son gina ɗakinsa na laka a bakin duk wani ƙaramin bututu, har cikin salansa. Sai kuma bel mai haƙora da ke cikin murfin gefen inji, wanda ke daidaita buɗewar bawul. Ko da ya yi kama da sabo, a canza shi kafin a tayar da mota. A ƙa'ida ana canza shi wajen kilomita dubu 100, amma roba shekaru ke cin ta ko da mota ba ta motsa ba, balle a zafin Ader, yankinku na Tahoua.

Batun sa wani inji kuwa, ban goyi baya ba sai an auna naka. Akwai ma'aunin matsin silinda, garaji da yawa suna da shi. Idan silinda huɗun sun ba da adadi kusa da juna, bambancin bai wuce kashi 10 cikin 100 ba, injin Baba yana da sauran aiki a gaba. Hayaƙi ma yana magana. Shuɗi da safe wanda ke ɗaukewa bayan ƴan mintoci, yawanci robobin bawul ne suka bushe, gyara ne mai sauƙi. Shuɗin da ba ya yankewa, zoben fistin ne. Baƙi, fetur ne ya yi yawa, a duba kafireto. Farin da ya ƙi tsayawa bayan inji ya yi zafi, tare da ruwa yana raguwa, gaskit ne, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa. Duk waɗannan ana gyara su. Injin da ake sayarwa a ƙasa a kasuwa an wanke shi tas, amma ba ka san tafiyar da ya yi ba, ba ka san dalilin da ya sa aka cire shi ba, kuma ranar da ka ɗora shi, motar ta tashi daga ta asali.

Zan ɗan tsaya a kan ruwa, saboda a ƙasarmu zafi ne ke kashe inji fiye da komai. A watan Afrilu da Mayu Tahoua tana wuce digiri 40 a inuwa. Abokan sana'ata makanikai da yawa, da mota ta shigo daga Turai, sai su cire tamostat su jefar, su haɗa fanka kai tsaye da makulli, wai a nan ba a sanyi. Ni ban yarda da wannan ba. Tamostat ne ke sa inji ya kai zafin aikinsa da wuri ya tsaya a nan. Babu shi, da safiyar hunturu inji zai daɗe yana aiki a sanyaye, ya sha fetur, ya ci kansa. Motar da ke zafi tana da dalili: lagireto ya toshe, ko murfinsa ya saki, ko famfon ruwa ya gaji, ko na'urar da ke kunna fanka ta mutu. A gyara dalilin. A wanke lagireto ko a canza shi, a sa sabon tamostat da sabbin tiyo, a zuba ruwan sanyaya inji na galan. Ruwan rijiya da na famfo suna barin farin gishiri da tsatsa a cikin hanyoyin ruwa. In ka buɗe murfi ka ga ruwan ya koma kalar kunun kanwa, aikinsu ne.

Birki ba a ciniki a kansa. Gaba faifai ne, baya ganga. A buɗe duka huɗun, a canza robobin ciki da tiyon roba, a zubar da tsohon man birki gaba ɗaya domin yana tsotsar danshi. Tayoyin da ta zauna a kansu shekara shida sun gama aiki ko da zanensu bai goge ba. A gefen kowace taya akwai lamba huɗu: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Ka duba wannan ko a tayar da za ka saya. Ƙafafunta na ƙarfe masu inci 13 kuwa ka bar mata abinta, a kankare a fesa. Manyan ƙafafu na zamani nauyi suke ƙara wa motar da ba ta kai tan ɗaya ba, su sa sitiyari tauri, su gajiyar da ƙasanta a kan hanyar burji.

Sai ka yi wata biyu ko uku kana hawanta da tsohon fentinta, ko da ya koɗe, har ka tabbata ba ta zafi, ba ta ɗigar mai, tana tsayawa in an taka birki. Sannan a zo maganar jiki.

Busasshiyar ƙasa irin tamu ba ta cika sa mota tsatsa ba, amma yawancin waɗannan motoci sun yi rayuwarsu ta farko a Turai, inda ake watsa gishiri a titi lokacin ƙanƙara, kafin su sauka a tashar Kwatano ko Lome. Tsatsar tana ɓoye a ƙasa. Ka ɗaga shimfiɗar ƙafa, ka cire tayar safiya ka duba raminta, ka duba ƙarƙashin batir, dogarin ƙofofi, da kan shokazoba a cikin bonet. Ganyen da ya taru a magudanar da ke gindin gilashin gaba yana riƙe ruwan damina, nan ma a duba. Ka samu ɗan maganaɗisu ka bi jikin motar da shi: inda ya ƙi kamawa, mastik ne, ƙullin da ake cike lotsawa da shi, aka cika da kauri.

Akwai wata mota da ba na mantawa. Wani dattijo ya kawo mini ita yana gaggawa saboda bikin ɗiyarsa, ya ce a yi fenti tukuna, sauran daga baya. Na ga ƴan ƙuraje a ƙasan ƙofa, na san me ke ƙarƙashinsu, amma na bi son ransa muka shafe da mastik aka fesa. Damina ɗaya ta wuce, fentin ya kumbura kamar ƙunar wuta, na sa yatsa na danna sai ya burma. Ya biya kuɗi sau biyu, kuma laifina ne, don ni ne na san aikin. Tun daga ranar ba na bari a rufe tsatsa. A yanke ruɓaɓɓen ƙarfe, mai walda ya sa sabo, a shafa maganin tsatsa da fentin ƙasa, mastik ya zama siriri don daidaita fuska kawai. Kuma kada a yi fesa a fili ranar da ake hazo, ƙura za ta zauna a cikin fentin har abada.

Abu ɗaya nake roƙonka a duk tsawon aikin nan: kada ka jefar da komai, kada kuma ka bari a wargaza motar gaba ɗaya a rana guda. Motar da aka zazzage kayanta a kwali a kusurwar garaji, da wuya ta sake haɗuwa. Yau an ari fitila, gobe an ɗauki marfin tanki. A gama ɓangare ɗaya kafin a taɓa wani. Kafin a kwance abu ka ɗauki hotonsa da waya, musamman ƙananan tiyon iska da suka kewaye kafireto, domin in aka rikita su mota ba za ta sake zama daidai ba. Ƙusoshi a leda, a rubuta daga inda suka fito. Tsohuwar fitila ta asali da aka wanke ta fi sabuwar kwaikwayo da rana za ta mayar rawaya cikin shekara guda. Araha ba ta ado. Abin da ke cinyewa kamar bel, roba, matata da takalmin birki, a sayi sabo mai kyau. Abin jiki kamar madubi, bamba, hannun ƙofa da tambarin baya, a nemi na asali da aka ciro daga wata Starlet, a Tahoua in an samu, in ba haka ba wurin masu tsofaffin kayan mota a Yamai, ko ta Ƙonni zuwa Sakkwato. Ka tafi da tsohon a hannunka ka gwama.

Cikin mota shi ne ƙarshe kuma ya fi sauƙi. Idan yadin kujerun bai yage ba, wanki ya ishe shi. In ya yage, mai ɗinkin kujera ya nemo mafi kusa da launinsa, ya bi ɗinkin asali. Daga yau ma ka samo tabarma ko kwali ka rufe gilashin gaba daga ciki, kafin rana ta ƙarasa farfasa robar gaban direba, don ita ce abin da za ka fi shan wuyar samu lafiyayye.

Ka aiko mini da hoton farantin nan da na ƙarƙashin motar, sai in gaya maka jerin kayan da za ka fara saya da albashin watan farko.