Tambayoyin Masu Karatu: Kwana Biyar ko Kwana Takwas a Dutsen Kilimanjaro?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Malam, ni ma'aikacin gwamnati ne a Kano, shekarata 46, kuma ina motsa jiki kusan kullum da safe. Ni da wani abokina mun daɗe muna tara kuɗi domin mu je Tanzaniya mu hau Dutsen Kilimanjaro. Kamfanin da muka tuntuɓa ya ba mu zaɓi biyu, wato tafiyar kwana biyar mai sauƙin kuɗi, da ta kwana takwas wadda ake kwana a tanti, ita kuma kuɗinta ya fi yawa sosai. Abokina ya ce tunda muna da ƙarfi mu ɗauki gajeriyar. Mece ce shawararka? Yaya kuma za mu yi da salla a can sama? Ina so in ƙara da cewa abokin nawa jininsa AS ne.
Daga wani mai karatu a Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam. Malam, shawarata ita ce ku ɗauki ta kwana takwas, idan kuma kuɗin bai kai ba ku jinkirta tafiyar har ya kai. Ƙarfin da abokinka yake taƙama da shi abu ne mai kyau, amma ba shi ne ke kai mutum ƙololuwar wannan dutse ba.

Birnin Kano bai kai mita 500 sama da teku ba, Jos da muke kukan sanyinta tana wajen mita 1,200, wuri mafi tsawo a Nijeriya kuwa shi ne Chappal Waddi da ke Jihar Taraba, mai mita 2,419. Ƙololuwar Kilimanjaro, wadda ake kira Uhuru, mita 5,895 ce, kuma iskar oksijin da mutum yake samu a kowane numfashi a can ba ta wuce kusan rabin wadda yake samu a bakin teku ba. Jiki yana iya sabawa da wannan ƙarancin, sai dai a hankali yake sabawa, kuma yawan motsa jiki ba ya gaggauta shi. Likitocin wannan fanni suna ba da shawarar cewa idan aka wuce mita 3,000, kada wurin kwanan yau ya ɗara na jiya da fiye da mita 500. Tafiyar kwana biyar ta hanyar Marangu, inda ake kwana a ɗakunan katako, tana ɗaga mutum kusan mita 1,000 kowane dare: Mandara a mita 2,700, Horombo a wajen 3,700, Kibo a wajen 4,700, daga nan kuma a tashe shi da tsakar dare na uku a ce ya nufi ƙololuwa. Da yawa daga masu juyowa ba su kai ba, ba gajiyar ƙafa ce ke juyo da su ba, ciwon kai ne da jiri da amai.

Tafiyar kwana takwas galibi ta hanyar Lemosho ake yin ta, daga yammacin dutsen, kuma hikimarta tana cikin wata rana guda da nake so ka lura da ita. Ranar ana tashi daga zangon Shira a hau har gindin wani tsauni da ake kira Lava Tower, a wajen mita 4,600, a ci abincin rana a can, sannan a gangaro Barranco a kwana a wajen mita 3,900. Wanda bai sani ba zai ga kamar an yi asarar yini, tunda an kwana kusan a tsawon da aka tashi, alhali kuwa an ɗanɗana wa jiki siririyar iska ne aka dawo da shi ya huta ya shirya. Shi ya sa ja-gororin wurin ba su da kalmar da ta fi "pole pole" a bakinsu, wato sannu sannu da Suwahili, kuma za ka ga ja-gora ya shiga gaba yana tafiya kamar mai rakiyar tsoho, ya hana kowa wuce shi. Kada ka ji haushinsa. Dokar gandun dajin da dutsen yake ciki ma ba ta yarda a hau ba tare da ja-gora mai lasisi ba.

Game da kwanan tanti, 'yan dako ne ke ɗaukar tantuna da abinci da jakunkunanku, su riga ku isa zango su kafa komai. Sanyin ne abin shiri. Daga Shira zuwa sama, da safe za ka tarar raɓa ta daskare a jikin tanti, a daren hawa na ƙarshe kuwa, daga zangon Barafu da ke wajen mita 4,670, sanyi yakan kai digiri 10 ƙasa da sifiri ko ya zarce, har ruwan gora ya zama ƙanƙara idan ba a cusa shi cikin riga ba. Jakar barci da manyan riguna ana samun hayarsu a garin Moshi, amma takalmin hawa ka saye shi tun daga gida, ka yi makonni kana yawo da shi har ya saba da ƙafarka. Ina roƙonka kuma ka tambayi kamfanin nawa yake biyan 'yan dako, ko yana kiyaye ƙa'idar kilo 20 ga kowane mutum, domin sau da yawa arahar da ake yi wa baƙo daga haƙƙin waɗannan bayin Allah ake yanko ta.

Batun salla da sauƙi, domin ku matafiya ne, kuna da rangwamen kasaru da na haɗa salloli, sai dai ka zauna da malaminka kafin tafiya ya fayyace maka hukuncin. A zango akan kawo ɗan ruwan ɗumi a roba safe da yamma, wanda zai isa alwala, inda kuma ruwa ya yi ƙaranci ko sanyi ya kai ga cutarwa akwai taimama, duwatsu kuwa ba a rasa su. Alƙibla daga can tana arewa ne, ta ɗan karkata gabas kaɗan, saɓanin gabas da muka saba fuskanta a gida. Asubar ranar hawa ƙololuwa za ta riske ku kuna kan hawa, saboda haka ka sanar da ja-gora tun da wuri ya tsara muku inda za ku tsaya. Kada ku sa tafiyar cikin watan azumi, domin ana bukatar shan ruwa lita 3 zuwa 4 a yini. Lokutan da suka fi dacewa su ne Janairu zuwa farkon Maris, da Yuni zuwa Oktoba, a kauce wa babbar daminar Afrilu da Mayu. Ku riƙe katin rigakafin zazzaɓin shawara, ana neman sa daga masu zuwa daga Nijeriya.

Maganar jinin abokinka ita ce ta fi damuna a wasiƙarka. Mai sikila, wato SS, ba shi da abin yi a wannan dutse ko kaɗan. Mai AS kuwa yakan rayu lafiya lau a ƙasa, amma an sha samun masu irin jininsa da saifarsu ta kamu da toshewar jini a wurare masu tsawo, musamman idan ƙarancin iska ya haɗu da wahala da ƙishirwa. Ya ga likita kafin ku biya ko kwabo, ya gaya masa tsawon dutsen da adadinsa, ya kuma tambaye shi game da ƙwayar Diamox da ake sha domin taimaka wa jiki sabawa. Idan likita ya amince, to ja-gora ma ya san da maganar tun ranar farko. Ciwo mai tsanani a hagun ciki ƙarƙashin haƙarƙari, ko haki alhali mutum yana zaune, ko tangaɗi da ruɗewar magana, duk alamu ne da ke wajabta saukowa nan take, ko da dare ne, ko da kuma allon Uhuru yana gabanku kuna hangensa.