Haihuwa bayan tiyatar ɗaure jijiyar maniyyi

Ɗan'uwa, ka ce an ɗaure maka jijiyar maniyyi, yanzu ka ƙara aure kuna son haihuwa, har wani ya ba ka shawarar karɓar maniyyin wani namiji. Kada ka yi garaje.

Tiyatar nan hanya kawai ta toshe, 'ya'yan marainanka suna nan suna yin ƙwayoyin haihuwa. Likita zai iya sake haɗa jijiyar, sai dai nasarar tana raguwa idan an yi shekaru da yawa da yin tiyatar. In hakan bai yiwu ba, ana zuƙo ƙwayoyin da allura daga maraina, a haɗa da ƙwan matarka a ɗakin gwaji, sannan a mayar cikin mahaifarta. Akwai tsada, amma ɗan naka ne.

Maniyyin wani kuwa, Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya ta haramta shi a zamanta na Amman a 1986, saboda cakuɗa nasaba.

Maganin gargajiya ba ya haɗa jijiyar da aka yanke, allurar testosterone (sinadarin ƙarfin namiji) kuma rage ƙwayoyin take yi. Ka ga likitan mafitsara, ku tafi tare da amarya a duba ta, musamman in ta haura shekara 35. Allah Ya ba ku masu albarka.