Babur ya faɗi cikin ruwan sama, a canza inji ko a gyara?

Sannu ɗan'uwa, Allah ya kiyaye gaba. Ka ce santsi ya kwashe ka da babur ana ruwa, murfin inji ya fashe, yanzu kana neman inda za ka samu wani injin.

Ni dai shawarata kar ka yi saurin saye. In murfin gefe ne kawai ya tsage, canza shi ake yi a zuba sabon baƙin mai shi ke nan. Abin tsoro shi ne in ruwa ya shiga ta wajen iska, don Allah kar ka tayar da injin, ruwa ba ya matsuwa kamar iska, fistin na bugunsa sai kwanrod, wato sandar ƙarfen da ke riƙe da fistin, ya lanƙwashe. A cire filogi a juya injin ruwan ya fito, a duba mai, in ya koma fari-fari kamar madara to ruwa ya gauraya da shi.

In kuma dole sai an canza, nemi na irin babur ɗinka, samfuri ɗaya shekara ɗaya, saboda wajen ɗauri da wayarin su dace. Na hannu kuwa ka je da bakanikenka, a tayar a gabanka yana sanyi, ku saurari ƙara ku kalli hayaƙin salansa, shuɗi alamar yana cin mai ne. Lambar inji ta fito sarai, ka karɓi rasit, injin sata na yawo.

Kuma a duba firem da ƙafar gaba tukuna ko sun karkace, sannan tayar da ta cinye a canza ta tare.