Kilim ɗin mota na yoyon mai da ruwa: ina matsalar take?

Tambaya: Malam, ina da Corolla a nan Tahoua, kuma tun shigowar bazara ake ta ƙara mata gaz, amma sanyin ba ya daɗewa. Ruwa na ɗiga a ƙarƙashinta, sannan akwai maiƙo a jikin tiyon kilim. Me ke kawo haka?

Amsa: Malam, batun ruwan kada ya dame ka. Idan garau yake, ba kala ba wari, kuma yana ɗiga ta ɓangaren fasinja lokacin da kilim ke aiki, raɓa ce da ke taruwa a jikin na'urar sanyin da ke bayan tablo, kuma ya fi yawa da damina. Ruwa kore ko ja-ja kuwa na radiyata ne, wannan gyara ne daban.

Maiƙon nan shi ne abin dubawa. Gaz ɗin kilim ba ya ƙarewa kamar fetur, zagayawa yake yi a rufe tare da man kompiresa, wato na'urar da ke matsa gaz ɗin tana zagayawa da shi, saboda haka duk inda gaz ya sami kafa, mai ma yakan biyo shi. Gaz ɗin yakan bi iska, man kuma ya tsaya ya kama ƙura. Idan ka ɗaga murfin inji ka ga mahaɗar tiyo ta yi baƙin danƙo alhali gefenta a bushe yake, to ga wurin yoyon nan. Ƙara gaz ba tare da toshe shi ba asara ce, domin mai na raguwa a hankali har kompiresa ya fara ƙara, daga baya ya cije.

A garinmu, inda zafin Afrilu da Mayu ke wuce digiri 40, zobban robar da ke mahaɗai ne suka fi saurin bushewa su tsage, balle a motar da ta sha aiki a Turai kafin ta iso. Kwandansa, wato na'urar huce gaz da ke gaban radiyata, yakan huje da tsakuwa, tiyo yakan goge a jikin ƙarfe saboda girgizar hanya, robar bakin kompiresa kuma takan bushe idan an rufe kilim duk tsawon hunturu, shi ya sa ake so a riƙa kunna shi jefi-jefi.

Mai gyaran da ya san aikinsa yakan fara wanke wurin, ya cika bututun da iskar nitrojin, ya bi mahaɗai da kumfar sabulu yana duban inda za ta yi ƙwai. Idan kafar ƙarama ce, sai ya zuba rini mai ƙyalli a cikin mai, bayan ƴan kwanaki ya haska da fitila ta musamman, wurin ya fito kore shar. Kada ka yarda a gwada da iskar oksijin ta masu walda, domin haɗuwarta da mai na iya haddasa fashewa.

Bayan an toshe, dole a zuƙe iska da danshi da famfo kafin a zuba gaz, kuma a auna shi da sikeli bisa nauyin da ke rubuce a takardar da ke manne ƙarƙashin murfin inji. Yawancin motocin da aka ƙera daga tsakiyar shekarun 1990 na amfani da gaz nau'in R134a da man kompiresa nau'in PAG, sababbin Turai daga 2017 kuma R1234yf, kuma ba a cakuɗa su.