Unguwar Brentham a Landan: 'yan haya masu hannun jari

Ɗan'uwa, ka tambaya ko an taɓa gina unguwar da 'yan haya ke da hannun jari a gidajen da suke ciki. An yi, kuma Brentham da ke Ealing a yammacin Landan na cikin na farko. A 1901 Henry Vivian, kafinta kuma ɗan ƙungiyar ƙwadago, ya jagoranci kafa kamfanin Ealing Tenants. Mazauni zai sayi hannun jari, ya biya haya, in an ci riba a ba shi kasonsa. Hikimar ita ce, wanda ke da kaso a gida ba zai bari ya lalace ba.

Gidajen farko a titin Woodfield jere suke, ba wani abin kallo. Sai a 1907 masu zanen gine-gine Raymond Unwin da Barry Parker suka zana sabon fasali: tituna masu lanƙwasa, shingen shuke-shuke maimakon katanga, lambu gaba da baya. A ganina, nan ne unguwar ta sami kyanta. A 1911 aka buɗe zauren taro kusa da filayen wasa, inda daga baya Fred Perry, shahararren zakaran tanis na Birtaniya, ya koyi wasan. Tun 1969 doka ke kare fasalinta.