Zauren Masu Wasa: Yaushe Ake Shiga Ƙarin Labari?

Tambaya daga wani mai karatu a Yantala, Yamai: Assalamu alaikum Malam. Na sayi wasan bidiyo The Witcher 3 ta na'urar PS4 wadda ta zo da ƙarin labarai biyu, Hearts of Stone da Blood and Wine. Ina mataki na 18, na shigo birnin Novigrad ke nan, kuma aikin farko na Hearts of Stone ya riga ya fito mini. In shiga yanzu ko in bari sai na gama?

Wa alaikumus salam ƙanena. Kar ka shiga yanzu. Fitowar aikin a jerin ayyukanka ba ta nufin ka isa. Duba lambar da ke gefensa, za ka ga 32, kai kuwa kana 18. A wannan wasan duk abokin gaba da ya fi ka da mataki shida ko fiye, jan ƙoƙon kai ne ke bayyana a kansa, saranka ba ya cin shi, shi kuma biyu zai yi maka ka faɗi.

Dodon farko na Hearts of Stone wani ƙaton kwaɗo ne a magudanar ruwa ta ƙarƙashin birnin Oxenfurt. Yana tofa dafi, yana miƙo harshe daga nesa, yana tsalle ya danne mutum, kuma wurin a rufe yake, babu inda za ka gudu. Ko wanda ya kai 32 yana shan wuya a hannunsa. Kafin ka sauka ka haɗa maganin Golden Oriole mai kashe dafi, ka yi ajiya ta daban da hannunka. Ajiyar da wasan ke yi da kansa tana hawa kan ta baya ne, in ta kama ka a bakin faɗan da ya fi ƙarfinka, ka shiga uku.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne wajen mataki na 30, bayan ka samo Ciri, yarinyar da kake nema a babban labarin, amma kafin yaƙin ƙarshe. Labarin yana faruwa ne a gefen Novigrad da Oxenfurt, bai kai awa goma sha biyu ba ga yawancin mutane, kuma ba ya taɓa babban labarin. Akwai ma wata tambaya game da Ciri a ƙarshensa wadda ba ta fitowa ga wanda ya riga ya gama wasan. Ka tara kuɗi tun yanzu, domin mai sassaƙa rubutu a takubba yana karɓar 5,000, sannan 10,000, sannan 15,000 kafin ya buɗe aikinsa duka.

Blood and Wine kuwa na ƙarshe ne. Ya fito a 2016, yana so ka kai 34, kuma yana kai ka wata ƙasa daban, Toussaint. An gina shi a matsayin sallama, har baƙon da zai zo gidanka a ƙarshe ya danganta da yadda ka ƙare babban labarin. In ka gama Blood and Wine tukuna ka dawo babban labarin, za ka dawo da sulke na mataki 40 da ƙarfin da ba a yi lissafinsa ba, babban abokin gaba, sarkin Wild Hunt, da aka yi awa hamsin ana tsorata ka da shi ya faɗi kamar ɗan tsako. Wasu suna leƙawa su buɗe sauye-sauyen jiki na aikin Turn and Face the Strange su koma. Ana iya yi, amma in ka yi haka ka kunna zaɓin da ke ɗaga matakin abokan gaba ya yi daidai da naka.

Tambaya daga Tawa: Malam, na saka ƙarin labari Shadow of the Erdtree a wasan Elden Ring, megana sun tafi, amma ban ga ƙofar shiga ba.

Ƙofar tana nan, a kulle take. Sai ka kashe manyan dodanni biyu, Radahn a yankin Caelid da Mohg a fadarsa ta Mohgwyn, sannan ka taɓa busasshen hannun da ya leƙo daga cikin ƙwanson da ke bayan inda kuka yi faɗa. Mohg ɗin da ke ƙarƙashin birnin Leyndell ba shi ba ne, mutane da yawa nan suke ruɗewa. Masu wasa sun fi ba da shawarar mataki 120 zuwa 150 da makamin da aka ɗaga har ƙarshe. Amma ko da 200 ka shiga za a casa ka in ba ka tsinci Scadutree Fragments ba, su ne ke ƙara ƙarfi a can ciki. Ka yi yawo ka tara su kafin ka tunkari kowane babban dodo.

Wata ƴar'uwa daga Boukoki ta ce faifan da ƙaninta ya samo daga Kano ya ƙi ganin ƙarin da ta saya masa da asusun Faransa.

Hajiya, duba bayan kwalin faifan. In kin ga alamar PEGI, na Turai ne, zai karɓi ƙari daga shagon Faransa. In kin ga ESRB, na Amurka ne, kuma ƙarin Faransa ba zai zauna a kansa ba ko an sauke shi sau goma. Faifan PS4 yana aiki a kowace na'urar PS4, ƙarin ne ke bin yankin faifai. Mafita biyu ce: ku musanya faifan da na Turai, ko ku sake sayen ƙarin da asusun Amurka. In kuka sauya faifai, tsohuwar ajiyarsa ma galibi ba za ta buɗe ba, don haka ku tambaye shi inda ya kai kafin ku zaɓa.