Tankin kifi idan an ɗauke wuta: me za a fara haɗawa?

Ɗan'uwa, ka ce idan wuta ta yi awa shida babu, kifayenka sai su taso saman ruwa suna haki. Iska ce ta yi musu ƙaranci, don haka ita za ka fara nema. Fitilar tanki kuwa, manta da ita.

Ni ƙaramin famfon iska mai batir nake ajiyewa, irin wanda ke tashi da kansa da zarar wuta ta ɗauke. Wat 2 zuwa 5 yake ci, shi ya sa batir ke daɗewa da shi. Na'urar ɗumama ruwa ce mai cinye caji, tana iya jan wat 100 ko fiye. Kada ka ɗora ta a kan UPS na kwamfuta, wato akwatin batir da ke ba kwamfuta wuta idan an ɗauke, nan da nan cajinsa zai ƙare. Ka lulluɓe tankin da bargo kawai.

Kuskuren da ake yawan yi shi ne ba kifayen abinci a lokacin da babu wuta, wanda ke ƙara ɓata ruwan. Idan matatar da ke tace ruwan ta daɗe a tsaye, ɗauraye ta da ruwan tankin kafin ka kunna.

Janareta a waje ake ajiye shi saboda hayaƙinsa na kisa. Haɗa inbata da wayoyin gida kuma, kira mai aikin lantarki.